Zuwa Alƙahira Saboda Bindigar Baba

Tun da muka dawo daga Masar ban huta ba. A makarantar da nake koyarwa, a gidan suna, har a layin niƙa, tambayar ɗaya ce: "Malama Hajara, yaya Alƙahira? Kin ga dalar Fir'auna?" Ban ga dala ba. Na ga asibitin ido, na ga ofishin 'yan sanda, na kuma san adadin matakalar wani bene mai hawa shida. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Wanda ba ɗan garinmu ba sai na ɗauko masa daga tushe. Mahaifina shi ne Sarkin Bakan garinmu, wato shugaban maharba. Ya haura saba'in. Yana da bindigar toka ƙirar maƙeri, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ya gaje ta daga kakansa. Gwaggo yake ce mata, wai don ta girme shi. Ni kuma yana ce mini Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Bara, wata Laraba da hantsi, 'yan bindiga suka shigo kasuwarmu a kan babura suka buɗe wuta. Wannan labarin ba zan ba da shi ba. Kowa ya san wanda ya rasa. Ni na rasa ɗalibata 'yar aji huɗu da matar da nake sayen manja a wurinta. Daga ranar kasuwa ta mutu, sai awaki ke kwana a rumfuna.

Bayan sati biyu hukuma ta zo da doka. Duk mai bindiga ya kai ta ofishin 'yan sanda. Wanda yake son tasa ta dawo, ya nemi lasisi cikin wata uku, ya kawo takardar likita cewa hankalinsa da idonsa lafiya suke. Wadda wa'adi ya cika ba a karɓa ba, za a farfasa ta. In faɗi gaskiya, ni ban ƙi dokar ba. Baban da na gani da idona yana yi wa turmi sannu da zuwa saboda rashin gani, ban ga dalilin da zai riƙe abin harbi ba. Sai dai ranar miƙa bindigogi na leƙa layin, tsofaffin maharba ne da masu gadin gona. Waɗanda suka harbi kasuwa ko ɗaya bai zo ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Baba ya je gwajin ido da ƙarfin gwiwa. Ma'aikaciyar ta ce ya karanta abin da ke jikin bango. Ya ce wane bangon? Ya dawo gida ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Kwana huɗu bai ci tuwo ba. Da na matsa masa sai ya ce, "Uwata, in aka fasa Gwaggo a hannuna, me zan ce wa kakana in mun haɗu?" Likitan Kano ya duba ya ce yanar ido ce, amma wani wanzami ya taɓa sa wa idon tsinke shekarun baya ya ɓata wani abu a ciki, aikin ya fi ƙarfin kayan da yake da su, sai dai a kai shi Masar. Ƙannena suka sayar da bijimi. Kafin a gama fasfo da biza, saura kwana ashirin da ɗaya wa'adi ya cika.

A filin jirgi aka fara. Baba ya ratsa ƙofar nan mai ƙara, ta ɗauki kuka. Aka ce ya cire agogo, ya cire. Ta sake kuka. Ashe a ƙarƙashin babbar rigarsa ya sa rigar farauta, wadda layu da guraye da ƙananan ƙarafa suka rufe ta tun daga wuya har ƙugu. Ma'aikacin ya tambaya mene ne wannan. Baba ya ce maganin bindiga ne. Aka kira na gaba da shi, shi ma ya kira na gaba da shi. Suka buɗe takardar abubuwan da aka hana suna bi da yatsa. Bindiga tana ciki, harsashi yana ciki, maganin bindiga babu. Aka ce mu wuce. Muna ɗaukar jaka sai na farkon ya biyo mu, ya rage murya ya ce, "Baba, babu wani na rara?"

A cikin jirgi aka kawo abinci da wuƙar roba. Baba ya shafa ta, ya lanƙwasa ta, ya ce mu mutum nawa ne a ciki? Na ce mun fi ɗari. Ya ce, "Mutum ɗari a sararin Allah, babu mai ko barandami. To in wani abu ya taso fa?" Na ce ai hikimar ke nan, babu mai abin da zai tayar da shi. Ya yi tsaki ya sa wuƙar a aljihu.

Da muka sauka, ma'aikacin shige da fice ya tambayi abin da ya kawo mu. Baba ya ji alamar tambaya ce, sai ya amsa da Hausa da babbar murya: "Faɗa masa bindigata na zo karɓa." Na yi murmushi na ce da ɗan Larabcin Islamiyya, "Ilaj," wato magani, na nuna ido. Mutumin ya buga hatimi. Na gode wa Allah da bai yi Hausa a makaranta ba.

Wadda ta tarbe mu Hajja Nafisa ce, wata maƙwabciyarmu ce ta haɗa mu da ita. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun tashi daga ƙasar Hausa za su Makka a ƙafa, suka tsaya hutawa a hanya, hutun ya kai shekara ɗari. Yaƙi ne ya koro ta Alƙahira. Mace ce gajera mai faɗi, ta naɗe jikinta da lafaya, Hausarta irin ta kakata ce amma an barbaɗa mata Larabci. Tana zaune a Hada'iƙ al-Ma'adi, unguwar da baƙaƙen fata masu ƙaramin ƙarfi suka fi yawa, a hawa na shida, kuma lif ɗin gidan ya mutu tun kafin ta tare. Tana sayar da turaren wuta, tana kuma ba baƙi masu jinya ɗaki.

Mun kai hawa na uku muna haki sai Baba ya fara ba ta labarin Gwaggo. Ta tsaya cak ta juyo.

"Ya Hajj, ka ji ni. A shaƙƙata ba a maganar silah. Na bar gida da tukunya a kan wuta saboda shi. Ka ci, ka sha, ka yi barci, amma wannan kalma a bar ta a ƙasa wurin bawwab. Khalas?"

Shaƙƙa gida ke nan, silah makami, bawwab kuma shi ne mai gadin ƙofar bene. Baba ya ce ya ji. Daga ranar, in zai yi maganar bindiga sai ya ce "baiwar Allah nan".

Abinci kuwa, abin da Hajja ta dafa ba mu da ƙorafi. Asidarta tuwo ce sak, mulukiyarta kuma miyar lalo ce da ta je makaranta. Na waje ne ya ɗaure wa Baba kai. Akwai wani da suke ce wa koshari: shinkafa, taliya, makaroni, wake da soyayyar albasa, duk a kwano ɗaya. Baba ya ɗanɗana ya ce wannan ai sauran tukwane ne aka kankare. Aka kawo masa tantabara da aka cusa wa shinkafa a ciki. Ya lalube ta gaba da baya yana neman inda harsashi ya shiga. Hajja ta ce kiwonsu ake yi a kan bene. Ya ce, "Garin da tsuntsu ke jiran wuƙa a gida, ai dole maharba su mutu da yunwa." Abin da ya burge ni shi ne kwandon da matan ke zurowa da igiya ta taga, mai shago ya zuba musu burodi su ja sama. Na ce da a garinmu ne, kafin kwandon ya kai hawa na biyu akuya ta gama da shi.

Rana ta biyu da la'asar muna shan shayi, sai muka ji tau! tau! a ƙasa. Tiren ya suɓuce daga hannun Hajja, kofuna suka tarwatse, ta durƙushe a bayan kujera ta toshe kunne. Ni ma na tuna Larabar kasuwa. Baba ko motsi bai yi ba.

"Hajiya, tashi. Wasan yara ne. Babu dalma a bayansa."

"Ka tabbata, ya Hajj?"

"Shekara sittin ina sauraron baiwar Allah nan. In da dalma, ƙarar tana da wutsiya. Wannan guntuwa ce."

Na leƙa taga, biki ake yi, yara na jefa abin fashewa. Hajja ta tashi tana share hawaye tana dariyar kanta. Daga nan, duk abin da ya yi ƙara, ko salansar mota ce ko ƙofar shago, sai ta ɗaga murya daga kicin: "Ya Hajj, wannan fa?" Shi kuma ya ce, "Babu wutsiya." Ta ce mini tun da ta zo garin ba ta taɓa samun natsuwa irin ta kwanakin nan ba.

Likitan yana Muhandisin, can tsallaken kogi, sai an shiga jirgin ƙasan da suke ce wa mitro sannan a hau tasi. A bakin kowace tasha akwai na'urar da ake zura jaka, ga ɗan sanda a gefe. Na hana Baba sa rigar layu, ya bi ni yana mita wai na fito da shi tsirara. Jirgin na tsayawa jama'a suka ture mu, hannunsa ya kuɓuce mini, ya faɗa taragon mata shi kaɗai. Na kutsa na bi shi. Na same shi tsaye a tsakiya ya riƙe ƙarfe, mata sun zagaye shi suna ta surutu. Ya ce, "Uwata, mazan garin nan akwai siririyar murya." Wata tsohuwa ta leƙa idonsa, ta ce ma'alish, wato ya yi haƙuri, ta tashi ta ba shi kujerarta.

Likitan dogo ne mai sanƙo, yana magana yana duba agogo. Ya haska idon Baba ya ce na dama ya tafi, na hagu zai gyaru. Ranar Talata ƙarfe huɗu na yamma. Ya ce kada mu makara, don Laraba zai bar gari sai bayan sati uku. Na ƙirga a zuciyata. In muka rasa Talata, Gwaggo ta zama ƙarfen maƙera.

Yanzu sai in gaya muku wata al'ada ta maharbanmu, don ita ce ta kusa kai mu ta baro. In ƙaramin maharbi ya haɗu da babba, ba ya gaishe shi da bindiga a kafaɗa. Sauke ta yake yi, ya miƙa ta gindi gaba. Babban ya karɓa, ya shinshina bakinta don ya san yaushe rabonta da harbi, ya yi mata tofi, ya mayar. Wanda ya bar tasa a kafaɗa gaban Sarkin Baka, ya zagi uban kowa. Tun ina yarinya nake ganin haka a ƙofar gidanmu.

Ranar Talata da safe Hajja ta ce mu fita da wuri, mu biya ta Ma'adi ta kai wa wata mata turare, daga can mu wuce. Ma'adi unguwar masu hali ce, itatuwa sun rufe tituna, Turawa na yawo da karnuka a igiya kamar awaki. Hajja ta shiga wani gida ta bar mu a inuwa. Ni kuma na sunkuya ina gyara igiyar takalmina da ta tsinke. Wannan sunkuyawar ita ce laifina, na yarda.

Ashe a ƙofar gidan da ke kusa akwai ɗan sanda a tsaye da bindiga a kafaɗa, irin waɗanda ake ajiyewa gadin gidajen manyan baƙi. Baba bai gan shi ba, hancinsa ne ya jiyo man bindiga. Ya bi ƙamshin da sandarsa har gabansa, ya yi sallama. Ɗan sandan ya amsa. Baba ya tsaya yana jira. Ba a miƙo bindiga ba. Ya yi gyaran murya, ya miƙa hannu biyu. Ɗan sandan ya ɗauka bara yake yi, ya laluba aljihu ya ɗora masa tsaba a tafin hannu.

Abin da na ɗago na gani ke nan: Sarkin Bakan garinmu da sadaka a hannu. Ya watsar da ita, ya ce, "Kai, wa ya yaye ka?" Ya kai hannu ya cafke bakin bindigar ya jawo ta zuwa hancinsa.

Ban san daga ina suka fito ba. Kafin in ce Baba, mutum shida sun kewaye shi, ana ta ihu da Larabci, wani yana magana a rediyon hannu. Ɗan sandan ya riƙe gindin bindiga yana ja, Baba ya riƙe baki yana ja. A haka ya samu ya shinshina, ya tofa mata addu'a, ya saki. Ya juyo wajen da yake jin kukana ya ce, "Ba a taɓa harba ta ba. Budurwa ce." Hajja ta fito da gudu lafayarta na jan ƙasa, tana cewa, "Ya Hajj! Na ce a bar ta wurin bawwab!"

Aka zuba mu a mota sai ofishinsu. Ƙarfe goma sha ɗaya muka shiga. Aka zaunar da mu a benci, aka karɓe fasfo, aka zazzage aljihun Baba. Aka sami goro, carbi da wuƙar roba ta jirgi. Wani ya ɗaga wuƙar sama, ya sa ta a leda, ya rubuta mata lamba. Sha biyu ta yi, ɗaya ta yi. Ina kallon agogon bango kamar in haɗiye shi. Hajja ta raɗa mini cewa a ƙasar nan, ko harsashi ɗaya aka samu a aljihunka ba takarda, sai iyalinka sun manta kamanninka, balle kama bindigar hukuma da rana tsaka.

Wajen ƙarfe biyu aka shigar da mu wurin babbansu, wani mai gashin baki kamar tsintsiyar laushi. Hajja ta ce in riƙa ce masa basha. Ita ce ta yi tafinta. Ta bayyana masa al'adar maharba tiryan-tiryan. Basha ya saurara, ya ce ya gane, shi ma ɗan ƙauye ne daga kudancin ƙasar, kakansa ya mutu da bindiga a ƙarƙashin katifa. Amma takarda ba ta san kaka ba. A takardarsa gida biyu ne kawai: ko mutum ya yi yunƙurin ƙwace makami, ko kuwa makaho ne ya yi karo da shi bisa kuskure. Babu gidan da aka rubuta tofi. In makaho ne, ya faɗa da bakinsa, a rubuta, mu tafi.

Na ce alhamdu lillahi. Na juya na ce, "Baba, cewa kawai za ka yi ba ka gani."

"Wa?"

"Kai."

"Ni Sarkin Baka? In zo ƙasar mutane in ce ni makaho ne, a rubuta a takardar hukuma? In labari ya je gida fa? Da wane bakin zan nemi lasisi? Faɗa masa ina hango ƙwai a cikin kaza."

Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da sunan uwarsa da nake ɗauke da shi. Ya kafe. Na miƙa wa basha takardar likita, ya ce ta nuna akwai ciwo, amma mai ido ya ce yana gani, shi kuma ba zai ƙaryata dattijo ba. Sai dai a gwada. Haushi ya kama ni har na ji kunnena na zafi. Mun tsallako ƙasashe don a shaida Baba yana gani, ga ni zaune ina addu'ar Allah Ya sa ya faɗi jarrabawa.

Basha ya ɗaga yatsu uku. Hajja ta ce, "Ya Hajj, yatsu nawa?" Baba ya ce, "Uku." Basha ya sake ɗaga biyu. Baba ya ce, "Biyu." Sai a lokacin na lura, duk yatsan da basha ya miƙe sai ya yi ƙas, shi kuwa tsohon kunne gare shi kamar zomo. Na ce Hajja ta roƙi basha ya bar yatsu, ya ce Baba ya je ya gaishe shi hannu da hannu. Basha ya tashi a hankali ya koma jikin taga, ya yi tsit.

Baba ya miƙe, ya gyara hula, ya taka da isa har kusurwar ɗaki inda aka rataye rigar basha da hularsa a jikin wani ƙarfe. Ya kama hannun rigar ya girgiza, ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri da yaran, ba a koya musu ba ne." Ya ɗan tsaya, ya ƙara da cewa, "Uwata, mutumin nan ba ya cin abinci ne?"

Ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya fita da gudu ya je ya yi dariyarsa a waje. Basha ya zauna ya rubuta takarda kafaɗunsa na rawa. Ya miƙo fasfo, ya ce tamam, yalla, wato shi ke nan, mu tafi. Wuƙar roba dai ba a ba mu ba, an ce ta riga ta shiga littafi. Saura minti arba'in ƙarfe huɗu ta cika. Hajja ta tare tasi da jikinta, ta gaya wa direban abin da ban ji ba, ya tuƙa mu kamar wanda ya sato motar. A kan gadar ne na ga kogin Nilu, in wani ya tambaya. Ruwa ne, yana da faɗi. Muka shiga asibiti likita na duba agogo.

Aikin bai kai awa ɗaya ba. Washegari da safe mataimakiyarsa ta cire bandeji. Baba ya ƙifta ido, ya ƙifta, ya dubi tafin hannunsa, sannan ya ɗago ya dube ni. Ya daɗe yana kallona.

"Uwata," ya ce, "yaushe kika tsufa?"

Shekara goma sha ɗaya rabon da ya ga fuskata. Na so in ba shi amsa mai zafi, kuka ya hana ni. Ya juya ya ga Hajja, ya ce ai ya ɗauka doguwa ce, saboda muryar. A hanyar komawa ya ƙirga 'yan sanda masu bindiga tun daga asibiti har gida, bai kai hannu ga ko ɗaya ba, sai dai duk wanda muka wuce ya girgiza kai. Ranar da za mu taho Hajja ta rako mu har ƙasa, abin da ba ta yi wa baƙi saboda matakala. Ta ce, "Yanzu wa zan tambaya, ya Hajj?" Ya ce, "Ki saurari wutsiya. In babu, ki ci gaba da shan shayinki."

Mun iso gida saura kwana uku. Baba ya koma wurin ma'aikaciyar nan, ya rufe idon dama da ba ya aiki don kada a ce ya yi maguɗi, ya nuna duk inda alamomin bangon suka fuskanta har layin ƙasa, ya kuma gaya mata akwai ƙadangare a bayan labulenta. Aka buga hatimi. A ofishin 'yan sanda aka ce lasisi sai da lambar bindiga, Gwaggo kuwa maƙerin da ya ƙera ta bai san boko ba. Aka aika aka samo fenti aka rubuta mata lamba a gindi. Baba ya karɓe ta hannu biyu, ya shinshina, ya yi tofi. Maharba suka raka shi gida da kirari.

Da yamma ya aike ni wurin mai sayar da albarushi. Na tarar da shagon a rufe da kwaɗo. Ashe muna can aka ƙara wa dokar wani sashe: an hana sayar da albarushi da ajiye shi, ko kana da lasisi ko ba ka da shi. Wanda ke gidanmu kuwa tun ranar farko aka haɗa da shi aka kai. Na dawo na faɗa masa ina jiran ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Sai ya ci tuwonsa har ya nemi ƙari.

Laraba ta zagayo. Tun da sassafe ya sa rigar layu, ya rataya lasisi a wuya cikin leda, ya ɗauki Gwaggo ya je ya zauna a gindin tsamiyar bakin kasuwa, ya fuskanci hanyar daji. Ranar mutum biyar suka kasa kaya. Larabar da ta biyo baya aka kori awaki daga rumfuna. Ta uku har da masu shanu, ana ta cewa ai Sarkin Baka ya dawo da ido, Gwaggo ma ta dawo. Ni kuwa tsoro ya hana ni sakewa. Na dama fura na kai masa, na tsuguna kusa da shi na rage murya.

"Baba, mutanen nan fa sun ɗauka a ɗure take."

"Na sani. Ki yi shiru."

"To in sun zo fa?"

Ya nuna da haɓa. "Kin ga giginyar can bayan rafi?"

Na ƙura ido, da ƙyar na hango ta.

"Daga can zan ga ƙurarsu. Kafin babur ya iso nan, mace ta goya ɗanta ta shige cikin dawa. Wancan karon sai da suka shigo tsakiyar kasuwa ina nan zaune ina tambaya ƙarar mene ne."

"Kai fa?"

"Ni zan miƙe in saita Gwaggo. Su ma ai ba su san babu komai a ciki ba."

Ya shanye furar ya miƙo mini kwanon, idonsa na kan hanya.